Yadda Gado Da Abinci Ke Gina Kitse A Jikin Shanu: Bayani Ga Masu Kiwon Turka A Safana Da Batsari

Kiwon turka na daga cikin sana'o'in da suka riƙe gidaje da dama a ƙananan hukumomin Safana da Batsari. Manomi kan sayi sa bayan an kawar da amfanin gona, ya ɗaure shi a turke, ya ciyar da shi harawa da dusa da kowar wake na tsawon wata uku ko huɗu, sannan ya kai shi kasuwa da fatan ribar za ta isa sayen taki ko wata hidimar iyali. Muhimmancin wannan sana'a ya ƙaru tun lokacin da satar shanu da hare-haren 'yan bindiga suka addabi garuruwan da ke gefen dajin Rugu, musamman a shekarun 2019 da 2020, inda garkuna da yawa suka watse, jama'a kuma suka koma ajiye 'yan kaɗan a cikin gida inda ido ke kansu. Wanda shanunsa biyu ne kacal, asarar ɗaya ba ƙaramin abu ba ce a gare shi.

Akwai tambayar da masu wannan sana'a ke yawan yi wa malaman gona da ma'aikatan dabbobi. Mutum ya ɗaure bijimai biyu masu shekaru ɗaya, ya ba su abinci iri ɗaya a kwano ɗaya, amma ɗaya ya cika ya yi sheƙi, ɗayan kuwa yana ci kamar gara amma jikinsa ya ƙi karɓa. Me ya kawo haka? Mun ga ya dace mu kawo wa jama'a abin da masana suka gano game da wannan al'amari, domin amsar tana da alaƙa da aljihun kowane mai kiwo. A taƙaice, babban ɓangare na yadda sa zai karɓi turka an riga an yanke shi tun yana cikin uwarsa da kuma watannin farko na rayuwarsa, tun kafin mai turka ya san da shi.

Ƙwayar halitta da ƙwayar gado

Jikin saniya, kamar jikin ɗan Adam, an gina shi ne da wasu ƙananan ɗakuna da ido ba ya iya gani sai da madubin likita. Su ake kira ƙwayoyin halitta. Akwai na tsoka, akwai na ƙashi, akwai na jini, akwai kuma na kitse. Ƙwayar kitse idan ta cika ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ba a faɗi, kuma kusan duk cikinta ɗigon mai ne guda ɗaya. Za mu iya kwatanta ta da rumbu: aikinta ajiye rarar abinci domin ranar da babu.

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta akwai wani dogon rubutaccen umarni da dabba ta gada, rabi daga uba, rabi daga uwa, wanda masana ke kira DNA. Kowane sashe na wannan umarni da ke da aiki guda shi za mu kira ƙwayar gado a cikin wannan bayani. A shekarar 2009 wata babbar tawagar masana daga ƙasashe da dama ta wallafa cikakken karatun wannan umarni na shanu, bayan ta yi aiki da wata saniya irin Harifod a Amurka, aka kuma samu cewa saniya tana da ƙwayoyin gado kimanin 22,000.

Abin lura shi ne, ƙwayar tsoka da ƙwayar kitse duk umarni ɗaya suke ɗauke da shi, babu ragi babu ƙari. Abin da ya bambanta su shi ne wane sashe aka buɗe, wane sashe aka rufe. Wannan buɗewa da rufewa shi ne asalin maganarmu, domin ba gado kaɗai ke sarrafa shi ba. Abinci, da shekaru, da lafiya, da sinadaran da jiki ke saki cikin jini duk suna da hannu a ciki.

Yadda ake gina rumbun

Lokacin da ɗan tayi ke girma a cikin saniya, akwai wasu ƙwayoyin halitta da ba su riga sun zama komai ba. Daga tushe ɗaya wasu za su zama tsoka, wasu kitse, wasu kuma farar jijiyar nan mai tauri da ke sa nama wuyar tauna. Wata ƙwayar gado mai suna Zfp423, wadda aka bayyana aikinta a shekarar 2010, tana daga cikin masu karkata ƙwayar zuwa hanyar kitse. Idan ta buɗe, ƙwayar ta ɗauki hanya, amma ba ta fara ajiye mai ba tukuna. Tana nan siririya, tana iya rabuwa biyu ta hayayyafa.

Mataki na biyu yana hannun wata ƙwayar gado da ake kira PPAR-gama. A shekarar 1994 masana a ɗakin binciken Burus Sifigelman da ke birnin Boston na Amurka suka nuna cewa idan aka buɗe wannan ƙwaya a cikin ƙwayar halittar da ba ta kitse ba, sai ta rikiɗe ta zama ta kitse. Bincike na baya ya tabbatar da cewa idan babu ita, kitse ba ya samuwa sam. Tana aiki tare da wata abokiyarta mai suna C/EBP-alfa, kowace tana ƙarfafa 'yar'uwarta, har sai sun buɗe ɗaruruwan ƙwayoyin gado masu jawo sukari da mai daga jini, su haɗa su, su adana. Daga wannan lokaci ƙwayar ta daina hayayyafa, sai dai ta kumbura ko ta motse gwargwadon abin da ta samu.

Ke nan kitse yana ƙaruwa ta hanya biyu: ƙaruwar yawan rumbunan, da kuma cika waɗanda aka riga aka gina. Hanya ta farko ta fi ƙarfi a ƙarshen zaman ciki da kuma ƙuruciya. Binciken da Farfesa Min Du da abokan aikinsa suka gudanar a jami'o'in Wayomin da Jihar Washintan a Amurka ya nuna cewa ƙwayoyin kitsen da ke cikin tsoka, wato wanda ke sa nama taushi da maiƙo, sun fi samuwa daga ƙarshen ciki zuwa lokacin da maraƙi ya kai kimanin kwana 250, wato wajen wata takwas. Bayan nan ƙofar ba ta rufe gaba ɗaya ba, amma ta tsuke ƙwarai. Abin da mai turka ke yi a turke, mafi yawansa cika rumbunan da aka riga aka gina ne. Idan an gina kaɗan, kaɗan zai cika.

Haka lamarin yake ga tsoka, har ma ya fi tsanani. Yawan zaren tsoka yana kammala ne kafin haihuwa. Bayan an haifi maraƙi, zaren yana yin kauri da tsawo ne kawai, ba ya ƙaruwa a lissafi.

Saniya mai ciki da watannin bazara

A nan ne maganar ta shafi yankinmu kai tsaye. Cikin saniya wata tara ne da 'yan kwanaki. Shanunmu sun fi ɗaukar ciki a lokacin da jikinsu ya murmure, wato cikin damina zuwa kaka. Saniyar da ta ɗauki ciki a watan Satumba za ta haihu wajen watan Yuni, wato watanninta uku na ƙarshe za su faɗo a Maris, Afrilu da Mayu. Duk wanda ya san Runka ko Zakka ko Ruma a waɗannan watanni ya san halin da dabbobi ke ciki: ciyawa ta bushe ta zama tamkar kara, karan gona ya ƙare, tafkuna sun kafe, tafiya neman ruwa ta yi nisa. A daidai lokacin da ɗan tayi ya fi buƙatar abinci, domin a watanni ukun ƙarshe ne yake samun mafi yawan nauyinsa, a lokacin ne uwarsa ke cin jikinta don ta rayu.

Jikin uwa mai yunwa yana kai ɗan abin da ya samu ga ƙwaƙwalwa da zuciyar ɗan tayi da farko, tsoka da kitse su samu saura. Bugu da ƙari, masana sun gano cewa akwai wasu ƙananan alamomi da jiki ke liƙawa a kan ƙwayoyin gado domin rufe su ko sassauta su, kuma irin abincin da uwa ta samu yana iya sauya inda aka liƙa su. Umarnin kansa bai canja ba, amma yadda ake karanta shi ya canja, kuma wannan canji yana iya bin dabbar har girmanta. An ga makamancin haka a cikin mutane: 'ya'yan da aka yi cikinsu a lokacin yunwar da ta afka wa ƙasar Holan a 1944 zuwa 1945 sun nuna bambanci a yanayin ƙiba da lafiyarsu bayan shekaru masu yawa.

Akwai kuma wani nau'in kitse da ba kowa ya san da shi ba. Ana haihuwar maraƙi da wani kitse mai duhun launi a kewayen ƙodarsa, wanda aikinsa ba ajiya ba ne, ƙona mai yake yi ya samar da ɗumi. Cikin 'yan makonni yake rikiɗewa ya zama kitse na yau da kullum. Maraƙin da aka haifa cikin hunturu, ko cikin ruwan sama da dare, da wannan kitse yake kare kansa daga sanyi, kuma wanda uwarsa ta rame ƙwarai yakan zo da ƙarancin ajiya.

A ganinmu, wannan shi ne wurin da al'adar kiwonmu ta fi buƙatar gyara. Sau da yawa mafi kyawun harawa da angurya ana tara su ne ga san da ke turke, saboda shi ne zai kawo kuɗi nan kusa, saniya mai ciki kuwa a bar ta ta nemi na kanta. Bayan ta haihu, sai a tatse nonon a kai kasuwa, maraƙi ya samu abin da ya rage. Ba mu raina buƙatar da ke sa a yi haka ba, domin kuɗin nono da man shanu su ke riƙe cefanen gidaje da dama. Amma ya kamata a sani cewa maraƙin da aka tauye a watanninsa takwas na farko, shi ne san da zai ƙi karɓar turka bayan shekara uku, kuma shi dillali zai taya da arha. Ɗan ƙarin harawar gyaɗa ko ta wake, da 'ya'yan gawo, da kek ɗin angurya, da gishirin lasa ga saniya a watanni uku na ƙarshen cikinta, da barin maraƙi ya sha dakashi sosai a ranar farko, sun fi buhunan dusa da za a zuba daga baya tasiri.

Inda kitse ke fara sauka, da inda riba ke tsayawa

Kitse ba ya sauka a jiki gaba ɗaya lokaci guda. Yana farawa ne daga ciki, a kewayen ƙoda da hanji da tumbi. Daga nan sai tsakanin tsoka da tsoka, da ƙarƙashin fata, inda dillali ke dannawa da hannu a haƙarƙari da gindin wutsiya. Na cikin tsoka shi ke cika a ƙarshe. Tozo kuwa tsoka ce da kitse ya ratsa, shi ya sa yake miƙewa idan sa ya samu daɗi, ya kuma kwanta idan ya rame.

Nau'in abinci ma yana da tasiri. Ƙananan halittun da ke cikin tumbin saniya suna narka ciyawa da harawa su fitar da wani ruwa mai tsami da kitsen ƙarƙashin fata ya fi amfani da shi. Hatsi da dusa kuwa suna fitar da wani nau'in daban, wanda hanta ke mayarwa sukari, kuma kitsen cikin tsoka ya fi dogara da sukari. Sukarin yana sa jiki ya saki sinadarin insulin, shi kuma yana umartar ƙwayoyin kitse su buɗe su karɓa. Wannan ya sa lafiyar hanta ke da muhimmanci. San da tsutsar hanta ta cinye, ko mai tsutsar ciki, ko mai sammore, ba zai yi ƙiba ba ko da gadonsa mai kyau ne, don haka a fara da magani daga hannun ma'aikacin dabbobi kafin a fara zuba abinci. Haka kuma a shigar da dusa da hatsi sannu a hankali cikin mako biyu ko uku, domin zuba su da yawa farat ɗaya yana tsamar da tumbi, ya kawo zawo da kumburin ciki, wani lokaci har da mutuwa.

Ga wani lissafi da ya kamata kowane mai turka ya riƙe. Tsoka kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ce, kitse kuwa ruwansa kaɗan ne, kuma ƙarfin da ke cikin mai ya ninka na hatsi fiye da sau biyu. Saboda haka ƙara kilo ɗaya na kitse yana cin abinci fiye da ƙara kilo ɗaya na tsoka nesa ba kusa ba. A farkon turka, san da ya fito daga wahalar rani yana ƙaruwa da sauri. Idan rumbunan suka fara cika, sai su riƙa sakin wani sinadari mai suna leftin, wanda Jefiri Firidman na Jami'ar Rokafela ya gano a 1994, wanda ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa ajiya ta wadata. Cin abinci ya ragu, ƙaruwar nauyi ta yi sanyi, kuɗin dusa kuwa bai ragu ba. Wannan ne ya sa shawarar da aka saba bayarwa ita ce turkar kwana 90 zuwa 120. Riƙe sa wata bakwai ko takwas ana jiran ya ƙara cika, sau da yawa ciyar da riba ne ga dabbar.

A kuma duba wa za a sayar wa. A Japan ana biyan kuɗi mai yawa kan kitsen cikin tsoka na shanunsu na Wagyu, har da ma'aunin daraja na musamman. A kasuwanninmu irin su Charanchi da Mai'aduwa da Jibiya, ido da hannu ke yanke farashi, kuma girman jiki da cikar tozo da cinya ake dubawa. Mai balangu da mai tsire suna son maiƙo, amma mai kilishi jan nama zalla yake nema. Kitsen da ya taru a ciki kuwa, mahauci ba ya sayar da shi da darajar nama.

Iri da zaɓen bijimi

Shanu masu tozo, wato Bunaji da Rahaji da Bokoloji da Azawak da muke da su, gabaɗaya ba sa tara kitse a cikin tsoka kamar wasu shanun Turai da Japan. Wannan ba naƙasa ba ce. Gadonsu an tace shi ne a kan jure zafi, da tafiya mai nisa, da rayuwa a kan abinci kaɗan. A tsakaninsu ma akwai bambanci da makiyaya suka daɗe da sani: Bokoloji ya fi cika da saurin karɓar turka, Rahaji kuwa dogo ne mai ƙafa, ya fi dacewa da tafiya fiye da zaman turke. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya, wadda ta faro a matsayin gonar dabbobi a 1928 ta kuma zama cibiyar ƙasa a 1976, ta daɗe tana gwaje-gwajen turka a kan waɗannan shanu namu da irin abincin da ake samu a Arewa.

Misali ɗaya zai nuna ƙarfin ƙwayar gado guda. A 1997 aka gano cewa shanun Beljiyam masu tulin tsoka sun samu haka ne saboda lalacewar wata ƙwayar gado mai suna mayostatin, wadda aikinta taka wa tsoka birki. Sun yi tsoka fiye da kima, kitsensu kaɗan, amma da yawa daga matansu ba sa iya haihuwa sai an yi musu tiyata. Muna kawo wannan ne domin masu sha'awar barbara da shanun waje su san cewa kowace riba a gado tana zuwa da nata nauyi, kuma irin da aka gina don wata ƙasa yana iya zama wahala a ƙauyen da ba likitan dabbobi kusa.

Jinsi ma yana da nasa tasiri: karsana ta fi saurin yin kitse, dandaƙaƙƙen sa yana biye da ita, bijimi kuwa ya fi tsoka. Babban kuskuren da ke rage darajar garke shi ne sayar da bijimi mafi kyau saboda shi ya fi kuɗi, a bar ragowar su yi barbara. Rabin gadon kowane maraƙi daga wannan bijimi yake fitowa.

Gargaɗi kan magunguna

Wasu masu turka suna ba dabbobi maganin deksametason da nufin su yi ƙiba da sauri. Gaskiya ne masana suna amfani da shi a ɗakin bincike wajen sa ƙwayoyin halitta su zama na kitse a cikin kwalba, amma jikin dabba mai rai ba kwalba ba ne. Yawan amfani da shi yana raunana garkuwar jiki, yana cin tsoka, yana iya zubar da cikin saniya, kuma ragowarsa na iya kaiwa ga masu cin naman. Magani ne na likita, ba abincin turka ba.

Haka nan wasu na iya jin labarin cewa a Japan ana rage wa shanu bitamin A domin kitse ya ratsa nama. Ana yin haka, amma ƙarƙashin awon jini da kulawar likita. Shanunmu a lokacin rani sun riga sun rasa ɗanyar ciyawa, wadda ita ce tushen wannan bitamin, don haka ƙari suke buƙata ba ragi ba. Ƙarancinsa yana kawo dundumi, da ɓari, da raunanan maruƙa. Ga mahauta kuma, kitse mai launin rawaya a jikin saniyar da ta ci ɗanyar ciyawa ba lallai ciwo ba ne, launin ganye ne ya taru a ciki. Amma idan rawayar ta kai ga ido da jijiyoyi da sauran sassan jiki, to a kira mai duba nama, domin tana iya zama shawara.

Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni, da shugabannin makiyaya, da ma'aikatan sashen aikin gona na ƙananan hukumomin biyu, da su isar da wannan bayani a tarukan jama'a, musamman kafin kaka, lokacin da ake yanke shawarar yawan harawar da za a ajiye da wadda za a sayar. Haka kuma, duk lokacin da ake tsara rabon abincin dabbobi ko rancen turka, a sanya shanu masu ciki da masu shayarwa a cikin lissafi. Mai kiwon da zai iya, ya samu ɗan littafi ya riƙa rubuta watan da kowane maraƙi ya zo, da uwarsa, da ubansa, da kuɗin da aka sayar da shi daga baya. Mai neman ƙarin bayani yana iya tuntuɓar malamin gona na hukumar KTARDA da ke yankinsa, ko asibitin dabbobi mafi kusa, ko kuma tsangayar aikin gona ta Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma.